Gyatsar Lobo a Gaban Kaka Han

Masu karatu, kafin ku fara wanke ni tas a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku ji yadda aka yi na shiga gidan da ya fi kowane gida a garinmu darajanta jinsen, saiwar maganin nan mai tsada, da warin wata saiwar da muke kira lobo a bakina.

Sunana Meng Shuyao, a gida Yaoyao ake ce mini, shekarata ashirin da takwas. Shekara biyu da suka wuce, ina aiki a birnin Changchun, wani abu ya sauko mini. Ba mutuwa aka yi mini ba, ba kuma korata aka yi daga aiki ba. Kawai na wayi gari tashi daga gado ya gagare ni, in na daure na shiga motar haya kuma numfashina ya riƙa sarƙewa, in ji kamar a nan zan mutu. Likitar asibiti ta ce ciwon damuwa ne da fargaba, ta rubuta mini wata ƙaramar farar ƙwaya, ɗaya kullum da safe. Cikin wata uku na dawo mutum. Sau biyu ta ja mini kunne: kada in kuskura in daina sha kwatsam ba da saninta ba.

Garinmu a gindin dutsen Changbai yake, kuma ɗan ƙarami ne. A nan in aka ji yarinya ta taɓa taka wannan ɓangaren na asibiti, ba a cewa tana da damuwa, cewa ake yi ta taɓu. Shi ya sa daga ni sai Mama muka san zancen. Ko Baba ba mu gaya wa ba, don bakinsa ba ya riƙe magana in ya sha kofi biyu na giya.

Sai ga Han Dongsheng. Ƙanwar babana ce ta haɗa mu, na je da niyyar in zauna minti ashirin in gudu, na ɓuge da zaman awa uku. Gidansu turara jinsen suke yi tun kakanni: a wanke farar saiwa, a turara, a shanya har ta koma ja ta yi tauri kamar ƙaho. Yatsunsa duk sun rine, jikinsa kullum ƙamshin ƙasa da ɗaci-ɗaci. Ba shi da yawan magana. In muna zaune, sai ya yi ta ɓare mini 'ya'yan kabewa yana tarawa a tafin hannuna. Ina son shi, masu karatu. Na faɗa ƙarara, don kada a ce tura ni aka yi. Kuma abu ɗaya nake tsoro a duniya, ranar da zai san abin da nake ɓoyewa.

Gidan Han suna da al'adarsu. Duk wadda za ta shigo gidan, kafin a tsayar da ranar biki, sai kakansu ya kama tsintsiyar hannunta ya saurari bugun jijiyarta. Kaka Han shekararsa tamanin da ɗaya, mai maganin gargajiya ne tun kafin a haifi Mama. Ana cewa da yatsu uku yake sanin abin da ka ci jiya. Ana kuma cewa akwai wadda ya taɓa kama wa hannu shekarun baya, daga ranar ba a sake jin zancen aurenta a gidan ba.

Ranar da aka sa mana lokacin zuwa, na buɗe jakata da safe na nemi maganina na rasa. Na zazzage komai a kan gado. Mama tana tsaye bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Kada ki wahalar da kanki, na ɗauke."

"Mama! Likita ta ce—"

"Likita za ta aure ki? Tsohon nan yana ɗora yatsa zai ji ƙwayar asibiti a jininki. Sati biyu kacal, jikinki ya wanke."

"In na faɗi fa?"

"Ki faɗi ina? Ga abin da ya fi ta." Ta ɗago jan akwatin da gidan Han suka kawo mana na gaisuwa. Saiwa goma sha biyu ce a ciki, 'yar shekara shida kowacce, kwance a kan yadi mai santsi, Dongsheng da kansa ya turara su. "Tun kakanninmu da wannan ake ɗaga zuciyar da ta kwanta. Kakarki da mijinta ya rasu, wata shida ba ta magana, wannan ne ya tashe ta."

A cikin akwatin akwai 'yar takarda da rubutun Kaka Han: yanka uku sirara, da safe, a tukunyar ƙasa, ban da shayi. Mama ta karanta ta taɓe baki.

"Yanka uku na masu lafiya ne. Ke taki ta fi ƙarfin yanka uku."

Rabin saiwa take saka mini, safe da yamma. Ta tsaya a kaina har in shanye, ta sa in tauna tuƙar.

Kwana uku na farko na ce ashe ba komai. A na huɗu na juya kaina da sauri sai na ji wani abu ya yi mini zuu a ƙwaƙwalwa, kamar na taɓa wayar wuta. Jiri ya fara. Ƙirjina yana dukan uku-uku ina zaune ba abin da nake yi. Barci ya ƙaurace mini, tafin hannuna ya riƙa zufa alhali sanyin kaka ya shigo, kowa ya fito da rigar ulu. A kwana na bakwai na sunkuya wanke fuska sai haɓo ya ɓalle. Mama ta ga jinin ta ce, wai mugun abu ne yake fita.

Shi kuwa Dongsheng kullum ƙarfe bakwai saƙonsa yake shigowa.

"Yaoyao, kin sha?"

"Na sha."

"Da ɗaci ko? Daure. Ni na zaɓo miki su ɗaya bayan ɗaya."

"Na gode. Har na ji ƙarfi."

Ƙarya nake yi, ina rubutawa ina gogewa ina sakewa. Kuma duk lokacin da ya turo ɗan hoton zuciya sai in ji kunya ta rufe ni, wai ga mutumin nan yana ta ɗawainiya bai san da wa yake tare ba.

Ko ƙaramin yaro a garinmu ya san lobo yana karya jinsen. Farar saiwar nan mai yaji da muke jibgewa a baranda saboda hunturu, in ka sha jinsen ba ka kusantarta, don an ce tana sauke duk ƙarfin da ya ɗora maka. Haka kuma in jinsen ya yi wa mutum yawa, ita ake ba shi. To ni da na ji zuciyata za ta faso ƙirji, sai na fara laɓaɓawa baranda in Mama ta fita kasuwa. In kankare ɗaya, in cinye ɗanye a tsaye, idona na zubar da ruwa. Ko yana aiki, ko zuciyata ce kawai take samun abin riƙewa, ban sani ba. Na dai san ina samun awa ɗaya ta sauƙi.

Ranar zuwa ta cika kwana goma sha ɗaya rabona da magani. Mama ta tashe ni da saiwa guda sukutum a tukunya.

"Yau ce ranar. Ina so kumatunki su yi ja."

Ta fito mini da doguwar riga ruwan toka mai dogon wuya, da jan kot ɗin da ta saya mini musamman, da 'yan kunnenta na zinare masu kamar ɗigon ruwa. Ta shafa mini hoda sau biyu a ƙarƙashin ido, ta ja da baya ta dube ni, ta ƙara ta uku. Ta tura auduga a aljihuna saboda haɓo. Tana shiga ɗaki canza takalmi na yi wuf na faɗa baranda. Babba na ɗauka, mai kaurin damtse, na ci fiye da rabi kafin in ji motsinta. Na wanke baki, na tauna cingam biyu, na ce shi ke nan.

Na manta abu ɗaya. Lobo ba a baki yake tona asiri ba, daga ciki yake tasowa.

Ƙarfe sha ɗaya muka isa. Tun daga bakin titi tururin rumfar turare yake tashi, a tsakar gida an jera faifan raga cike da saiwoyi suna shan rana. Dongsheng ya tarye mu da sabuwar riga mai ruwan bula, ya yi aski har kunnuwansa sun fito. Mahaifiyarsa, Anti Fang, ta kama hannuna biyu.

"Kai, 'yar nan, hannunki kamar garwashi! Jinsen ɗinmu ya karɓe ki ke nan. Shigo, shigo, hau ki zauna wajen ɗumi."

Muka cire takalma muka hau dandamalin ɗaki da ake hura wa wuta ta ƙasa. An cika ɗan teburin: kifi, kaza, kabeji mai tsami, da ƙullin fulawa mai nama da Anti Fang ta ce tun asuba take naɗewa. Ita mace ce mai fara'a da ƙarar murya, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta zauna dab da ni tana loda mini a kwano.

"Ci mana! Ko so kike a ce mun karɓo sanda mun sa mata jan kaya?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe baki zan taya su. Sai gyatsa ta taho. Na danne, na rufe baki da hannu, amma ta riga ta fita. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gyatsar ɗanyen lobo ya san ba a ɓoye ta.

Anti Fang ta tsaya da cokalin miya a sama. Hancinta ya motsa. Ta dube ni, ta dubi Mama, ta ajiye cokalin a hankali. Daga nan ba ta sake zuba mini ko ƙwayar shinkafa ba.

Bayan an kwashe kwanuka Kaka Han ya shigo daga ɗakinsa yana dogara sanda. Ɗan ƙaramin tsoho ne, girarsa fara fat, da rigar ulu mai faci a gwiwar hannu. Na miƙe na rusuna.

"Kaka, ina wuni."

"Zauna, yarinya. Kawo hannun."

Ya ajiye ɗan matashi a kan tebur, na ɗora hannuna na hagu. Yatsunsa uku suka sauka, sanyi ƙalau. Ya lumshe ido. Ni kuwa ina jin zuciyata tana buga yatsunsa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ina ce mata a raina, don girman iyayenki ki lafa, minti biyu kawai. Ya danna, ya sassauta, ya sake dannawa. Ya karɓi na dama. Ya daɗe har ƙafata ta sage.

"Fito da harshe."

Na fito da shi. Ya duba, girarsa ta haɗe.

"Yanka nawa kike sha?"

Mama ta yi caraf: "Ai Kaka, kayanku masu kyau ne, ban yi rowa ba. Rabin saiwa safe, rabi yamma. Yau ma guda na saka."

Sandarsa ya buga a ƙasa har na zabura.

"Guda! Doki kike kiwo? Na rubuta uku don na rasa tawada ne? Jan jinsen na wanda wutarsa ta mutu ne, mai sanyin hannu, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda baƙin ciki ya kwantar. Shi ma a hankali ake hura masa. Wannan yarinyar ciki duk ya bushe, kin zo kin tula mata itace. Ke kuma yarinya, kwana nawa rabonki da barci?"

"Ina ɗan yi, Kaka."

"Ba kya yi."

Anti Fang ta gyara zama. Muryarta ta sauka, fara'ar nan duk ta tafi.

"Baba, tunda ana tambaya, a tambaye ta lobon da ta ci kafin ta zo."

Mama ta juyo ta zuba mini ido. "Lobo? Wane lobo?"

"Ni dai hancina bai mutu ba," in ji Anti Fang. "Ɗana ya kwana uku a rumfa yana juya saiwoyin nan. 'Yan shekara shida, waɗanda ko 'yan kasuwar kudu ba mu sayar wa ba. A kai wa yarinya ta sha, ta bi da lobo? Ai gara ta zubar a kwata a gabanmu. 'Yar nan, in ba kya son shi, ki faɗa da baki. Ba sai kin karya mana kaya a ciki ba."

"Anti, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Na dubi Dongsheng. Kansa a ƙasa, yana murza gefen tebur da babban yatsa. Masu karatu, ku sa kanku a wurina. In na yi shiru, na zama wadda ta raina gidansu ta ƙi ɗansu. In na yi magana, na zama taɓaɓɓiya. Mama tana mintsinina a cinya ta ƙarƙashin tebur, ma'ana in rufe baki. Kunnuwana suna ƙara, bangon ɗakin yana matsowa. Amma in bar shi ya yi tunanin ba na son shi, wannan ne na kasa.

"Ina da ciwo," na ce. Muryar kamar ba tawa ba. "Ciwon damuwa da fargaba. Shekara biyu ina shan maganin asibiti. Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauke mini shi, jinsen kuma yana sa zuciyata gudu, na ji tsoro zan mutu, shi ne nake cin lobo. Ba don na ƙi kowa ba ne."

Mama ta saki wani ɗan sauti ta rufe fuska. Anti Fang ta ja jikinta baya kaɗan, kaɗan ɗin nan da ba zan manta ba. Ban iya kallon Dongsheng ba. Jira nake in ji ya tashi ya fita.

Kaka Han bai saki hannuna ba.

"Yanzu na gane abin da yatsuna suke ji ban san sunansa ba," ya ce. "Ni ban san ƙwayar asibiti a jijiya ba, yarinya, ƙaryar mutanen gari ce. Rashinta na ji. Maganin da wani likita ya ɗora, wani ba ya saukewa da ka, ko ni ban isa ba. Yau ɗin nan za ki kira likitarki. Jinsen kuma ki ajiye shi sai na ce." Ya juya ga Mama. "Ke kika yanke wannan shawarar?"

Mama ta sauke hannu daga fuskarta. Ba ta dubi tsohon ba, ba ta dube ni ba. Dongsheng ta duba.

"Ni ne, Kaka," in ji shi.

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Wata ɗaya ke nan da na sani. Saƙon asibiti ya shigo wayarta tana hannuna. Na je na sami Anti Meng, mamanta, na ce mata kada ta damu, namu zai warkar da ita, ba sai kowa ya ji ba. Gidanmu mutane suke zuwa daga nesa neman maganin wannan ciwon. A ce matata tana shan na asibiti?"

"Wawa," in ji Kaka Han a hankali. "Turarawa na koya maka, ban koya maka bayarwa ba."

Anti Fang ta fara magana da ƙarfi, Mama tana ba ta haƙuri, ni ban san me suke cewa ba. Na sauko na zura takalmi ban ɗaura ba, na fita tsakar gida. Iska mai sanyi ta buge ni, haɓo ya sake ɓallewa, ya ɗiga a kan jan kot ɗin. Kwana goma sha ɗaya ina mutuwa da tsoron kada ya sani. Ashe kowace safiya da yake tambayata ko na sha, ya san abin da ba na sha.

Na ji takunsa a bayana. Ya miƙo mini hankici, ya dafa kafaɗata a hankali, yadda ya saba.

"Yaoyao, kada ki yi fushi. Don ke na yi. Yawan da mamanki ta saka ne ya ɓata, ba jinsen ba. Ki ba ni wata ɗaya, yanka uku kawai, ni zan riƙa yanka miki. In mamana ta ga kin warke ba ƙwaya, za ta sauko, na san ta."

"Ka ji abin da Kaka ya ce."

"Kaka ya tsufa, tsoro ya yi masa yawa."

"Dongsheng, dubi hannuna." Na ɗaga masa, yana karkarwa kamar na tsohuwa. "Ina maganina? Mama ta zubar?"

"Ba ta zubar ba. Ni ta ba."

"Yana ina?"

Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, na ji ƙarar takardar ƙwayoyin, ƙarar da zan gane ko a cikin kasuwa. Duk jikina ya tafi wajen. Na miƙa tafin hannuna.

"Ba ni."

Ya dube ni da idanun nan nasa masu taushi, waɗanda saboda su na zauna awa uku ranar farko. Ya yi murmushi kamar mai lallashin yaro.

"Kin riga kin ci kwana goma sha ɗaya, Yaoyao. In na ba ki yanzu, duk wahalar ta tashi a banza."

Ya zare hannunsa daga aljihun babu komai a ciki, ya ɓalla maɓallin ya rufe shi.